Hurumin Unguwa da Tsantsenin Muridi

 

Ya ku ƴan uwa, akwai wata tambaya da take tasowa a kusan kowace sabuwar unguwa ta bakin gari, a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, kuma sau da yawa mu ƴan zawiya ne muke tayar da ita. Idan hukuma ta yanka filaye a inda da gonaki ne, takan fitar da fegayen gidaje da hanyoyi, sa'an nan a takardar tsarin ta bar wasu wurare ba a ba kowa ba: wannan na makaranta, wannan na gidan likita, wannan na kasuwa, wannan kuma an rubuta shi filin itatuwa da shan iska. Shekaru su wuce, gidaje su tashi ta ko'ina, filin nan na ƙarshe yana nan yadda aka bar shi, babu shinge babu icce ko ɗaya, sai yara masu ƙwallo da awaki da ledojin da iska ta kwaso. Sai wata rana wani bawan Allah mai kyakkyawar niyya ya ce: ga fili yana zaune a banza, mu kuwa muna wazifa a matse a zauren wani, me zai hana mu nema a ba mu shi mu gina masallaci da zawiya? To, wannan neman alheri ne tsantsa, ko akwai haƙƙin wani a cikinsa?

Na sani akwai wanda zuciyarsa za ta yi nauyi da jin an sa ɗakin Allah a cikin irin wannan tambaya. Zai ce, ashe akwai abin da ya fi masallaci cancanta da ƙasa? Babu wurin da ya fi masallaci daraja a bayan ƙasa, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma darajar abin da za a gina ba ta wanke hanyar da aka bi aka samu wurin. Ku tuna da masallacin Madina. Inda taguwar Shugabanmu (S.A.W.) ta durƙusa fili ne na wasu marayu biyu, Sahlu da Suhailu, ana shanya dabino a cikinsa. Yaran suka so su ba da shi kyauta, shi kuwa ya ƙi karɓa sai da aka saye shi daga gare su. Wanda zai gina kuwa shi ne mafificin halitta, abin da za a gina shi ne masallacin da ake ɗaura sirdi domin a je shi, kuma masu wurin da bakinsu suka ce sun bayar. Duk da haka bai bari raunin maraya da kunyarsa su zama ƙofar samun ƙasa ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu ɗauka mu je da shi filin unguwarmu.

Abin da ya kamata a fara bincika shi ne kalmar nan ta "a banza". Wanda ya ce fili yana zaune a banza, yawanci da mota ko babur yake wucewa ta gefensa. Da zai zauna a bakinsa tun daga asuba har bayan isha'i, da ya ga wani abu dabam. Da hantsi tsohuwa ta kawo tumakinta biyu ta ɗaure. Ɗan garuwa ya aje kurarsa ya miƙe ƙafa. Da la'asar yaran layi biyar ko shida su taru, waɗanda in babu wurin nan a kan kwalta za su yi wasansu, tsakanin motoci. Ranar da aka yi rasuwa nan ake shimfiɗa tabarmin zaman makoki, ranar ɗaurin aure ko suna nan ake kafa rumfa. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40, wuta kuma ta ɗauke, ɗakin kwano ya zama kamar tanderu, mutanen gidajen haya nan suke fitowa da dare su samu iskar da katangu suka tare masu. Da damina kuma filin yana wani aiki da ba a gani: yana shanye ruwan da rufin gidaje ya zubo. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Yamai, ko ta 2024 a Maraɗi da Damagaram, ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. In aka toshe inda ya saba kwanciya, ɗakin wani zai nema.

Sai ka duba waɗannan masu amfani da filin, ka tambayi kanka: wane ne a cikinsu ake kira idan za a yi shawarar unguwa? Yaro ba a kiransa. Matar da take cikin ɗaki ɗaya da ƴaƴa shida ba a kiranta. Ɗan haya ana ganinsa baƙo ne, gobe zai tashi. Dabba ba ta magana. Wanda za a haifa a unguwar nan da shekara 20 bai zo ba balle a ji ta bakinsa. Waɗanda suke zama su yanke shawara su ne masu gidajen kansu, kuma mai gidan kansa yana da nasa filin a bayan katanga, da iccen mangwaro da pampo, wani ma da na'urar sanyaya ɗaki. Shi in aka gine filin unguwa bai rasa kome ba. Don haka sai ka ga an yi taro, kowa ya ce ya yarda, a ce unguwa ta amince, alhali waɗanda za su yi hasara babu ko ɗaya a kan tabarmar. Ta wannan fuska filin unguwa ya fi filin Sahlu da Suhailu maraici, domin su an san sunansu, an kira su, an yi ciniki da su.

Kakanninmu suna da suna ga irin wannan wuri, hurumi suke ce masa, kuma kalmar daga Larabcin malaman fiƙihu ta shigo bakinmu. Kowane gari yana da huruminsa inda ake kiwo da sarar iccen girki, rijiya tana da nata, maƙabarta da filin idi suna da nasu, burtali yana ratsa gonaki ba wanda yake shuka a kansa, ƙofar fada tana da dandali. Manyan biranen Hausa irin Katsina da Kano har a cikin ganuwa an bar sarari mai faɗi ba a gina ba. Waɗannan mutane ba su karanta tsarin birane a wata makarantar boko ba, amma sun san garin da aka cike shi kaf da gini ba ya zaunuwa.

Wanda ya yi karatun Muhtasar na Shehu Halilu a zaure ya ratsa babin raya matacciyar ƙasa. A nan ne ake koya mana cewa ba kowace ƙasa da ba a ga gini a kanta ba ce matacciya. Gari yana da hurumi, wato inda mutanensa suke zuwa iccensu da kiwonsu su dawo a yininsu. Rijiya tana da hurumi gwargwadon abin da masu ɗiba suke bukata. Har icce yana da nasa. Irin wannan ƙasa tana da masu ita, su ne jama'ar wurin gaba ɗaya, kuma abin da yake kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba, shi ma shugaban da sharaɗin duba maslahar mutane. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya keɓe ɗan littafi guda a kan wannan mas'ala ta ƙasa, abin da yake nuna ba baƙuwar magana ba ce a ƙasarmu.

Akwai kuma labarin da Imamu Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa, wanda ni a ganina ya isa ya warware rabin tambayarmu. Sayyidina Umar ya keɓe wata makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya sa wani bawansa mai suna Hunayyu ya tsare ta. A cikin wasiyyar da ya yi masa ya umarce shi da ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, amma ya kiyayi garken Ibn Aufi da na Ibn Affana, domin su in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabinai da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da inda zai je sai ya kwaso iyalinsa ya zo ƙofar shugaba. Dubi waɗanda aka ambata: sahabbai biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, masu ciyar da dukiya a tafarkin Allah fiye da yadda za mu iya ƙidayawa. Nagartarsu ba ta ba su fifiko a kan ciyawar talaka ba. To ina ga tamu nagartar?

Wani zai ce, ai ba ƙwace za mu yi ba, takarda za mu nema daga hukuma, in ta sa hannu shi ke nan. Gaskiya ne hukuma tana da ikon sauya abin da aka keɓe wa fili idan maslaha ta sauya, kuma akwai unguwar da babu masallaci ko ɗaya a kusa, tsofaffi suna tafiya mai nisa kafin su samu jam'i. Wannan hukuncinsa dabam, malamai su duba shi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin unguwanninmu ba haka suke ba. A layi ɗaya sai ka ji kiran salla daga wuri uku. Kuma mun san yadda takarda take fitowa: akwai wani babba a cikin ƴan uwa da ake jin nauyinsa, ya ɗaga waya, ma'aikaci ya ji kunyar a ce shi ne ya hana gina ɗakin Allah. Abin da aka karɓa da takobin kunya, magabata ba su ɗauke shi kyauta ba. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu, sun tafi a kan cewa sallar da aka yi a ƙasar da aka ƙwata ta inganta, tare da zunubin ƙwacen. Wanda yake neman a ce masa "ta inganta" kawai, ga amsarsa nan. Amma mu ba don a ce mana ta inganta muka miƙa hannu ga shehu ba. Abin da aka ɗora mu a kai shi ne tsantseni, wato barin abin da yake da kokwanto ko da alƙali zai ba ka gaskiya a kansa.

A nan ne ya kamata muridi ya juya ya dubi cikin kansa, domin masana Allah sun daɗe suna gargaɗi cewa rai idan aka rufe mata ƙofar saɓo takan zagayo ta ƙofar ɗa'a. Ba za ta ce maka ka ci haƙƙin maƙwabci ba, ta san ba za ka yarda ba. Cewa za ta yi ka ɗaukaka ambaton Allah a unguwar nan. Sai ka bincika a hankali ka tarar a ƙarƙashin wannan akwai son a ce zawiyarmu ta fi ta su wane girma, akwai son a ga hasumiya daga bakin kwalta, akwai son a rubuta sunan wanda ya ba da siminti. Rai tana son aikin da ake gani. Barin fili yadda yake ba shi da ranar buɗewa, ba a gayyatar kowa, ba a yanka sa, ba wanda zai nuna shi ya ce aikin wane ne. Shi ya sa yake da nauyi a kanta, kuma nauyin nan kansa alama ce ga mai lura, domin ƙa'ida ce sananniya a wurin mutanen tarbiyya cewa idan abu biyu suka rikice maka, ka dubi wanda ya fi yi wa rai nauyi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a zaurukanmu kuwa, wadda ba a cika faɗinta da babbar murya ba, ita ce: in ba mu karɓa ba wasu za su karɓa, ko ɗan kasuwa ya jera shaguna, ko wata ƙungiya ta gina nata masallacin. Wannan magana ba ƙarya ba ce, haka yake faruwa. Sai dai ita ce maganar da kowane mai cin hurumi yake faɗa wa kansa, kuma muna da misalin inda take kaiwa a babban birninmu.

A 1965, Yamai tana ƙaramin gari, aka fara dasa wani daji a kewayenta, wanda aka tsara ya kai tsawon kusan kilomita 25 da faɗin kilomita 1, kimanin hekta 2,500, mafi yawansa dogon yaro, wanda wasunmu suke kira bedi. An yi shi ne ya tare wa gari iska da ƙura da rairayi. Shekaru aka yi ana dasawa ana reno. A lokacin samun mulkin kai mutanen Yamai ba su wuce 30,000 da wani abu ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 1. Garin ya iso bakin dajin, ya tsallake shi, ya ci gaba, har abin da aka dasa a bayan gari ya koma tsakiyarsa. Wannan kuwa da ya zama babbar ni'ima, a ce ga daji a cikin birni. Amma duk wanda ya ratsa wurin yau ya ga yadda aka gutsure shi: nan an zuba juji, nan an sare, nan an kafa bukkoki, nan an yanka fegaye an tayar da katanga. Ba wanda ya zauna rana ɗaya ya ce a kashe dajin nan. Kowa ɗan gefensa ya ɗiba, kowa da uzurinsa, kuma kowa ya ga wani ya riga shi. Hurumi ba ya mutuwa da sara guda. Idan mutanen da ake kyautata wa zato, masu carbi da rawani, suka ɗibi nasu, to sun ba duk wanda zai zo bayansu fatawa ba tare da sun buɗe baki ba.

Ba zan wuce batun bukkokin nan ba tare da na tsaya ba, domin a nan tambayar take da wuya da gaske. Waɗanda suka kafa bukka a cikin itatuwan nan da yawansu talakawa ne da fari ko yunwa ko tsadar haya ta koro. Mutumin da ba shi da inda zai kwantar da ƴaƴansa, in ka ce masa ya tashi domin icce, me ka faɗa masa? Ɗan Adam ya fi icce daraja, kuma wanda zuciyarsa take tausayin dogon yaro ba ta tausayin mai kwana a ƙarƙashinsa, a duba lafiyar zuciyar. Amma a lura da bambanci. Mai bukka larura ce ta zaunar da shi, sau da yawa ma a tsakanin itatuwan yake, yana bukatar inuwarsu. Wanda yake tuge icce ya zuba harsashin siminti yawanci yana da wani gidan. Kuma abin da aka saba gani shi ne a tashi mai bukka da sunan kare itatuwa, bayan ƴan shekaru a ga katangar mai hali a inda bukkar take. Wannan shi ne wasiyyar Sayyidina Umar a juye. Don haka idan muka ce a bar hurumi, da masu ƙarfi muke, kuma jama'ar da take iya tara kuɗin gini a cikin wata uku tana cikin masu ƙarfi ko da kowane ɗaya daga cikinta talaka ne.

Akwai wata hujjar kuma da iyaye suke kawowa, ita ma tana da gaskiyarta. Su ce filin nan da kake yabo juji ne, matattarar sauro ce, da dare kuma matasa masu shaye-shaye suke taruwa a cikinsa. Gara a gine shi a huta. Haka ne, filin da aka yi watsi da shi yakan zama haka. Amma wa ya zuba sharar? Daga gidajenmu ta fito. Yaran da suke fakewa a duhunsa ƴaƴan wa ne? In aka gine filin ba shiryuwa za su yi ba, wani kangon za su koma inda ido ba ya kaiwa. Shari'a ta yi tsanani a kan mai ɓata inuwar da mutane suke zama da hanyar da suke bi, har ta sa shi cikin masu jawo wa kansu tsinuwa, kuma an yi narko mai tsanani a kan mai sare magaryar da matafiya da dabbobi suke fakewa a ƙarƙashinta ba da wani haƙƙi ba. Addinin da ya kula da inuwa har haka bai ba mu zaɓi biyu kawai ba, ko juji ko gini.

Abin da ya rage shi ne reno, kuma manoman ƙasarmu sun riga sun nuna yadda ake yinsa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin jihar Maraɗi sun zama fayau. An kashe kuɗi da yawa wajen dashe, mafi yawan dashen ya mutu. Abin da ya dawo da itatuwa shi ne abin da ake kira sassaben zamani: manomi in ya zo sharar gona, maimakon ya sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai ya zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu ya bari, ya rage sauran, ya kare shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewayensu, da itatuwa wajen miliyan 200. Babban abin da manomin ya yi shi ne ya riƙe hannunsa daga sara, sa'an nan ya dinga dawowa yana dubawa. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya sa a kan mai sare gawo a ƙarni na 19, iccen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da abinci. A kwarin Magiya kuma, wajen Buza, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 domin tare iska sun rayu ne saboda an sa masu tsaro su kare su daga dabbobi har suka fi ƙarfin baki. Wanda ya san wannan ba zai ce barin wuri rashin aiki ne ba. Mutanen tarbiyya ma haka suke cewa game da zuciya: sai an share ta an bar mata sarari kafin a yi mata ado.

Sai dai a yi hattara da wani nau'in gyara da yake kama da reno alhali ƙwace ne. Shi ne a kewaye filin da waya, a shuka furanni, a sa mai gadi da kuɗin shiga, ko a ba wani ya buɗe wurin cin abinci. Wurin zai yi kyau a hoto, masu motoci za su zo daga wasu unguwanni, yaron da aka haifa a bakinsa kuwa yana leƙe ta waya. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta. Mu ma maza muna da namu salon ƙwacen da ba ya bukatar bulo ko ɗaya: a samu inuwa guda mai kyau a unguwa, sai majalisa ta kafu a ƙarƙashinta daga hantsi har magariba, da shayi da rediyo, mace ba ta iya zama, wucewa ma sai ta sauya hanya. Shugabanmu (S.A.W.) bai bar sahabbai su zauna a bakin hanya ba sai da sharaɗin ba hanya haƙƙinta, kuma farkon haƙƙin shi ne runtse ido da kame cuta. Idan za a raya filin unguwa, a raya shi yadda tsohuwa mai tumaki da uwa mai goyo za su samu gefensu ba tare da sun nemi izinin kowa ba.

To me zawiya za ta yi da bukatarta ta wuri, tunda bukatar gaskiya ce? Ta saya, kamar yadda aka saya a Madina. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma da kuɗinsa ya bar wa Musulmi, Abu Ɗalha ya ba da Bairuha'a, gonar da ya fi so a cikin dukiyarsa. Sunnar magabata ita ce a ciro daga abin kai a zuba a cikin na jama'a. Mu kada mu juya ta, mu ciro daga na jama'a mu rubuta sunanmu a kai. Fegin da aka saya da guminmu, ko ƙarami ne ko yana can ƙarshen unguwa, ya fi mana albarka. In kuma wuri ya yi mana kaɗan ranar Juma'a da yamma ko daren Maulidi, ga filin nan, a shimfiɗa tabarmi a yi zikiri a ƙarƙashin sama, a naɗe a tashi, da safe yara su dawo da ƙwallonsu. Ba wanda ya hana mu wannan, kuma ba mu hana kowa kome ba.

Sa'an nan filin kansa yana bukatar masu tsaya masa, kuma ban ga jama'ar da ta fi mu dacewa da wannan ba. Muna haɗuwa kullum, muna da muƙaddami da ake jin maganarsa, muna da matasa da suka san hidima. Abu na farko shi ne a je ma'aikatar magajin gari a nemi ganin takardar tsarin unguwa, a san iyakar filin tun ba a wayi gari an ga an kafa turaku ba, domin yawancin filayen da suka salwanta mutanen unguwa ba su ma san an keɓe masu su ba. Sai a kwashe shara, a dasa itatuwa a kan iyakar su zama shaida, a bar tsakiya sarari. Dogon yaro yana da saurin girma da jure fari, amma a nisanta shi da katangun mutane saboda saiwarsa, kuma a haɗa da irin su tsamiya da aduwa da magarya, ko da masu jinkiri ne.

Tun 1975 ranar 3 ga watan Ogusta ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasar nan, kuma kowa ya san abin da yake biyo baya: a dasa da damina a ɗauki hoto, kafin watan Maris akuya da rana sun gama da shi. Abin da ƙaramin icce yake bukata shi ne kariya ta ƙaya ko ta tsohon bulo, da ruwa a rani biyu ko uku na farko. Ruwan kuwa muna da shi muna zubarwa. Masallacin da mutum 50 suke alwala a cikinsa sau biyar a yini, in aka tara abin da yake zuba daga butocinsu a cikin rabin tano maimakon ya kwarara a hanya ya zama caɓi, ya isa ya shayar da itatuwa masu yawa. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunaye, kamar yadda muke rubuta wanda zai kawo abincin baƙi da Maulidi: wane ne zai ɗauki ruwan ranar Asabar, wane ne ranar Lahadi, kuma wane ne zai karɓe shi in ya yi tafiya.